Tsakuwoyin Idrisa Mai Rabon Kwanan Ruwa

Duk wanda ya taɓa yada zango a Rijiyar Gawo, wani ɗan ƙauye a cikin kwarin Tarka, ya ga Idrisa ɗan Hamidu ko da bai ji sunansa ba. Shi ne dogon nan mai ɗan ranƙwafawa, wanda aljihun rigarsa na dama kullum yake rinjayar na hagu. Baƙo yakan zaci goro ne. Ina, ba goro ba ne. Tsakuwa ce guda goma sha ɗaya, kowace da kamanninta, kuma kowace tana tsaye ne a madadin gida ɗaya daga cikin gidajen da ke shayar da dabbobi a rijiyar garin. Matarsa Indo ta gaji da ɗinkin aljihun nan, har ta koma ninka masa ƙyalle biyu.

Rijiyar gaba arba'in da biyu ce. Ba a jan ruwanta da hannu, sai an ɗaura wa takarkari, wato horarren sa, igiya ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin wasaki, babban gugan fata, ya leƙo baki. Da damina ba mai kallonta, ga tafkuna ko'ina. Lokacin sanyi ma ana lallaɓawa, don dabba ba ta sha da yawa. Amma da zarar zafi ya shigo, ba ta iya ɗaukar garke goma sha ɗaya a yini guda. Shi ya sa tun zamanin kakanni aka raba gari biyu: waɗansu su shayar yau, waɗansu gobe, jibi a dawo kan na farko. Saniya tana jure tsallake yini ɗaya, ba ta jure biyu. Wannan shi ake kira rabon kwanan ruwa, kuma mutum ɗaya ke yin sa duk shekara. Ba sarauta ba ce, ba a naɗa rawani, ba a ba ka ko ƙwaryar nono. Amana ce kurum, in ta yi kyau ba mai tunawa da kai, in ta ɓaci kowa ya san ƙofar gidanka.

Uban Idrisa, Malam Hamidu, shekara talatin da ɗaya yana riƙe da ita, ba a taɓa ɗaga sanda a bakin rijiya ba. A gefensa Idrisa ya tashi yana kallon yadda ake jera tsakuwa a ƙasa. Bai yi lakwal ba, wato boko, allo ya yi, ya kai izu goma ya ajiye. Da ƙuruciya ya yi rani uku a Agadas yana dakon buhunan albasa, ya dawo da ciwon baya da rediyo, ya auro Indo daga Gangara, ya zauna noman hatsi da gyaɗa kamar kowa. Ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma ba ya son a gan shi yana sauri. Abin da ya fi alfahari da shi a rayuwarsa, in ka cire 'ya'yansa, shi ne ranar da tsohon ya juye masa tsakuwoyin nan a tafin hannu, kwana tara kafin ya cika.

To, rabon ba wai ka ce ku shida ku zo yau, ku biyar ku zo gobe ba ne. Da haka ne, da ko makaho ya yi. Akwai gidajen da ba sa haɗuwa rana ɗaya, kuma kowane da dalilinsa. Gidan Idrisa da na maƙwabcinsa Attahir takarkari ɗaya gare su, tun iyayensu suka haɗa kiwonsa, kuma takarkari ɗaya ba ya ja wa garke biyu a yini. Attahir da Ila su ne masu manyan garkuna, in suka haɗu, kafin na biyu ya gama wasaki ya fara fitowa da laka. Ila da tsoho Shu'aibu kuwa hannu ɗaya ke yi masu aiki, don Shu'aibu bai da 'ya'ya maza, 'ya'yan Ila ke ja masa. Shu'aibu da Hamza, ƙanen Idrisa, gwafa ɗaya da komi ɗaya suke tarayya a kai, wato icen da igiya ke bi da kwamin da ake zuba ruwa. Duk waɗannan larura ce ta haifar da su, ba wanda ke jin haushin wani.

Saura guda, wadda ba larura ba ce. Bayan rasuwar Malam Hamidu aka zo rabon gado, sai magana ta tsaya a kan wata jar saniya. Hamza ya ce tsohon ya ba shi ita kyauta tun yana da rai. Idrisa ya ce bai ji ba, bai gani ba, kuma ba shaida. Malamin da ya zo rabo ya mayar da ita cikin dukiya, aka raba, ta faɗo hannun Idrisa. Da abin ya tsaya nan, da ya wuce. Amma bayan mako biyu, a bakin rijiya, gaban jama'a, Hamza ya ce wanda ya iya danne saniyar ƙanensa shi ne wai za a damƙa wa ruwan gari. Idrisa da ba a san shi da fushi ba, ranar ya hasala. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Wallahi dabbata da taka ba za su ƙara sa baki a ruwa rana ɗaya ba."

Da mai yawan rantsuwa ne, da gobe ya manta. Shi kuwa sau ɗaya ya yi a rayuwarsa, shi ya sa ta kama shi da kyau. Jar saniyar ma ba ta daɗe ba, shekara ta biyu ta ci wani abu a daji cikinta ya kumbura, ta mutu ta bar maraƙa guda, ta bar su da rigimarta. Gida ɗaya ya zama biyu, aka ja danga a tsakiya. In sun haɗu a masallaci kowa ya nemi sahunsa.

Tun daga nan rabon bai sake zama daidai ba. Shekarar farko ya haɗa Attahir da Ila, shanun Ila suka sha laka. Ta biyu ya haɗa Ila da Shu'aibu, samarin suka yi ta ja har tafin hannunsu ya saɓule, duk da haka rabin shanun tsohon suka koma da ƙishi. Ya gwada haɗa Shu'aibu da Hamza, makiyayansu suka kaure a kan komi, aka fasa wa ɗaya kai. Ya haɗa kansa da Attahir, takarkarin ya durƙusa tun kafin la'asar. Wata shekara ya ce to a raba gari uku, kowa ya tsallake yini biyu. Wannan ita ce ba ya son tunawa, don maruƙa huɗu suka mutu kafin a koma tsohon tsari, biyu daga ciki na wata bazawara ce da ba ta da komai sai su.

Mutane kuwa ba sa rasa abin faɗa. Wanda aka matsa bana ya ce Idrisa na da son kai, wanda aka matsa bara ya ce ai tun da can ya faɗa. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne masu cewa, cikin tausayi wai, Allah ya jiƙan Malam Hamidu, shi dai kansa daban ne. Idrisa ya yarda da su. A ransa ya tabbata akwai wani jeri da zai zauna daram ba tare da ya karya rantsuwarsa ba, tsohon da yana nan da kallo ɗaya zai gan shi, shi ne dai kansa bai kai ba. Shekara tara yana neman jerin nan. A gona in ya zauna hutawa sai ya zube tsakuwa, a kasuwar Belbeji yana jiran mota sai ya zube tsakuwa, har yara suka daina mamaki.

Bana, da zafi ya fara leƙowa, mai gari ya kira shi gefe. Ya yi masa magana a hankali, don tare suka yi wasan ƙasa. Ya ce jama'a sun gaji, kuma shi ma ya gaji da kare shi. Ran Juma'a ta sama a kawo rabo bayan salla. In an sake samun gidan da aka matsa, za a karɓi amanar a ba wani. Idrisa ya ce to, ya gode. Ya taho gida yana jin nauyin aljihunsa kamar an cika shi da ƙarfe. Ba abin da ke cikin aikin nan sai wahala, amma a ce a hannunsa abin ubansa ya bar gidansu, wannan ne ya hana shi cin tuwo.

A makon ne 'yarsa Sakinatu ta zo hutu daga Damagaram. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran ta da shi ba, Uwata yake ce mata. Ita ce mace ta farko a Rijiyar Gawo da ta ci bak, jarrabawar shiga jami'a, bayan ta yi lise, wato babbar sakandare, a Tanut a gidan wata gwaggonta, kuma yanzu tana shekarar farko a jami'a, ɓangaren informatik, karatun ordinata, wato kwamfuta. Lokacin da ta tafi, Idrisa ya ɗauka zai ga ta dawo tana danne-danne a gaban na'ura kamar ma'aikatan da ya gani a ofishin mera, wato magajin gari. Sai ga ta a hutun farko da wani kaye, littafin rubutu, cike da ɗigo-ɗigo da layuka suna haɗa su. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce shi dai ya aika ta koyon na'ura, ba bugun ƙasa irin na 'yan duba ba.

Ta yi dariya ta yi masa bayani a lokacin, shi kuma ya ji da kunne ɗaya. Ta ce darasin sunansa matematik diskiret, lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kamar gidaje ko garuruwa ko mutane, da abin da ya haɗa su ko ya raba su. Ta ce mushensu, wato malaminsu, ya ce na'ura ba ta da wayo ko kaɗan, biyayya kawai gare ta, in ka aike ta neman abin da babu shi za ta yi ta nema har ta ƙone. Don haka kafin a bar su su taɓa ta da gaske, sai sun koyi gane abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba, su kuma kafa hujja. Ita kanta darasin ya ba ta kashi. A jarrabawar farko ta rubuta cewa ta gwada sau goma duk ya yi daidai, mushen ya ja mata jan bik, wato jan biro, ya rubuta cewa gwaji goma ba hujja ba ne, ko dubu ne ma. Ta ce kwana biyu tana jin haushin mutumin nan kafin ta yarda gaskiyarsa ce.

Wannan karon Idrisa ya yi kwana biyu yana kewaya maganar. Kunya yake ji, don bai taɓa kai kukan aikin nan wurin kowa ba, balle 'yar cikinsa. Ran Talata bayan la'asar ya same ta a zaure tana karatu, ya zauna, ya yi gyaran murya, ya tambayi lafiyar gwaggonta ta Tanut wadda ya riga ya tambaya jiya. Daga baya dai ya fito da ita. Ya ce ko za ta sa masa abin nan a na'urar makarantarsu in ta koma, ko ta buga wa wani waya ya sa kafin Juma'a, tunda an ce tana gwada hanya dubu kafin a ƙifta ido, wataƙila ta ga abin da kansa ya kasa gani.

Sakinatu ta ce ya fara nuna mata tukuna, wataƙila ba sai an je ga na'ura ba. Wannan ya ɗan sosa masa rai. Abin da ya sha kansa shekara tara, a ce bai ma kai a tashi na'ura dominsa ba? Amma ya haɗiye, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zube tsakuwoyinsa yana faɗin sunan kowace. Ta ɗauko tsinke. Ta ce duk gida biyu da ba sa haɗuwa rana ɗaya ya faɗa mata, ta ja layi tsakaninsu. Da suka gama, ta duba gidaje shida da ba su da wata matsala, waɗanda duk ranar da aka ba su za su karɓa, ta kwashe su gefe. Saura biyar. Ta ɗan gyara masu zama, sai ga layukan sun kewayo sun haɗe kamar awarwaro: Idrisa da Attahir, Attahir da Ila, Ila da Shu'aibu, Shu'aibu da Hamza, Hamza da Idrisa.

Bai taɓa ganin su haka ba. Shi kullum jeri biyu yake yi, na yau a dama, na gobe a hagu, yana ɗauke wannan yana mayar da wancan.

Ta ce ya ɗora yatsa a kan tasa tsakuwar ya ba ta rana. Ya ce yau. Ta ce to Attahir fa? Ya ce dole gobe. Ila? Yau. Shu'aibu? Gobe. Hamza? Ya buɗe baki zai ce yau, sai ya ga yatsansa ya dawo kusa da inda ya tashi. Ya ce a'a, a sake, shi ya ɗauki gobe. Suka sake, Hamza ya faɗo gobe. Ya ce a fara daga kan Ila. Aka fara daga Ila, sai rikicin ya koma tsakanin waɗansu biyun, kamar yadda ya yi ta yi masa shekara da shekaru. Ya miƙa hannu zai sake jeri, ta dakatar da shi cikin ladabi. Ta ce ba sai sun gwada duka ba. Tunda kowane gida dole ya saɓa wa na gefensa, rana tana tafiya ne bibbiyu, yau da gobe, yau da gobe. In gidajen huɗu ne ko shida, zoben zai rufe lafiya. In biyar ne, na ƙarshe ba shi da abokin tafiya, dole ya yi rana ɗaya da na farko, ta ko'ina aka fara.

"Baba," in ji ta, "ba kanka ne ya kasa ba. Jerin da kake nema babu shi. Ko na'urar duniya duka aka haɗa ba za su samo shi ba, ko Kaka ya dawo ba zai samo shi ba."

Ya ce amma ai tsohon ya yi, shekara talatin da ɗaya. Ta ce lokacin Kaka gida nawa ne a zoben? Ya duba ƙasa. Lokacin tsohon tsakuwarsa da ta Hamza guda ɗaya ce. Huɗu ne.

Abin da ya fara ji daɗi ne, kuma ba ƙarami ba. Wani abu da ya daɗe a ƙirjinsa ya sauka, har ya ji kamar ya fita ya tara mutanen gari ya nuna masu zoben nan, musamman masu yi wa ubansa addu'a don su soke shi. Ashe ba daƙiƙi ba ne shi. Ashe shekara tara yana haƙa inda ba ruwa. Ya yi dariya har Indo ta leƙo daga tsakar gida ta ga ko lafiya.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Ya tambaye ta to yanzu mene ne abin yi. Ta ce hanya biyu ce: ko a ƙara rana ta uku, ko a goge layi ɗaya, kowane ne, daga cikin biyar ɗin. Rana ta uku kam ya ce kar ma ta sake faɗa. Sai ta ɗauki tsinken tana bin layukan ɗaya-ɗaya, tana tambayar me ya sa wannan. Ya ce takarkari. Wannan fa? Ruwan ne ba ya isa. Wannan? Hannun aiki. Wannan? Gwafa da komi. Ta kawo tsinken kan na biyar, ta tsaya, ba ta tambaya ba. Shekararta goma sha ɗaya lokacin da aka ja dangar nan, kuma kafin nan a ɗakin matar Baba Hamza take cin rabin tuwonta.

"Nan lissafina ya tsaya, Baba," ta ce. Ta ajiye tsinken ta shiga gida.

Ya daɗe a zauren shi kaɗai. Kada wani ya zaci nan take ya sallama, Idrisa ba haka yake ba. Washegari da sassafe ya fita gona, ko da yake ba abin yi a gona da bazara sai sassabe, yana ta lissafin yadda zai goge wani layin daban. Ruwan rijiya ba shi ya zuba shi ba, balle ya ƙara. Shu'aibu ba zai haifi 'ya'ya maza kafin Juma'a ba. Bakin rijiyar ba ya ɗaukar wata gwafa, an gwada tun da daɗewa ƙasa ta fara zabgewa. Saura takarkari. Nan ya ga ƙofa, ya kuwa yi murna: in ya samo nasa takarkarin ya rabu da Attahir, shi ke nan. Ya san ba mai sayar da horarren takarkari a bakin zafi, sabo kuwa sai ya shekara ana koya masa, amma ya ce zai roƙi mai gari ya ƙara masa shekara guda. Har ya fara zaɓen shanun da zai kai kasuwa a ransa.

Yana cikin zaɓen ne ya tsaya da gatari a hannu. Ya ji kansa da kansa. Wato ya yarda ya raba tarayyar da iyayensu suka ƙulla, ya sayar da shanun 'ya'yansa, ya bar wani gida ya sake shan laka shekara guda, duk don kada ya tsaya rana ɗaya a bakin rijiya da wanda suka sha nono ɗaya. Ya tuna maruƙan bazawarar nan. Duk shekarun nan yana cewa ƙarancin basirarsa ce ta kashe su, kuma wannan ya fi masa sauƙin ɗauka, don mutum ba ya da laifi a kan kan da Allah ya ba shi. Yanzu 'yarsa ta ɗauke masa wannan mafakar da tsinke ɗaya. Kunya ta kama shi a tsakiyar gona, ba kowa sai shi da kututture.

Daga gona bai biya gida ba, wurin liman ya nufa. Ya tambayi hukuncin wanda ya rantse sannan ya ga barin rantsuwar ya fi alheri. Liman ya dube shi ta saman tabarau, ya ce amsar ba ta canja ba tun wadda ya ba shi shekara tara da suka wuce, lokacin da bai tambaya ba: ya aikata abin da ya fi alheri, ya yi kaffara, ya ciyar da mabuƙata goma. Idrisa ya ce ya ji.

Ya shiga gida ya tarar da Indo tana tankaɗe. Ya ce gobe a auna hatsi a yi tuwon mutum goma, a sa miya mai kyau, a yanka zakaran nan. Ba suna a gidan, ba biki, ba cikar kwanan mamaci. Ta ɗago ta dube shi.

"Goma, Malam?"

"Goma."

Ta ajiye rariyar, ta ja gefen zanenta ta share ido, ta ce garin ne ya shigar mata.

Ran Alhamis Sakinatu ta kama hanya, hutunta ya ƙare. Ya raka ta har inda motar Belbeji ke tsayawa, yana riƙe da jakarta. Sun baro Indo a gida tana tuƙa tuwon. Da motar ta zo ya ce, "Uwata, ki riƙe bugun ƙasan nan naki da kyau. Ki gaida mushen naku mai jan bik."

Ran Juma'a bayan salla jama'a suka yi da'ira a ƙofar masallaci kamar yadda aka saba. Waɗansu sun zo ne su ga yadda za a karɓe. Idrisa ya durƙusa, ya share ƙasa, ya fara da 'yan gobe: Attahir, Shu'aibu, da gidaje uku. Sannan 'yan yau. Ya ajiye Ila da sauran ukun. Ya ajiye tasa. Saura ɗaya a hannunsa, baƙa mai ɗan tsaga, kowa ya san ta wace ce. Ya ajiye ta a jikin tasa har suka yi ɗan ƙara. Mai gari ya duba jerin, ya sake dubawa yana motsa baki, bai sami gidan da aka matsa ba.

Hamza yana can baya, ya jingina da bango. Shi ma furfura ta fito masa, abin da Idrisa bai lura da shi ba sai ranar, don ya daɗe bai kalle shi sosai ba.

"Rantsuwar fa, Yaya?" in ji Hamza.

Shekara tara bai ji wannan kiran ba. Idrisa ya ce, "Mutum goma sun cinye ta jiya."

Wani ya yi 'yar dariya, liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, aka watse. 'Yan'uwan ba su rungume juna ba, ba su ma gaisa da hannu ba, kowa ya bi hanyarsa zuwa gida ɗaya mai ƙofa biyu.

Asabar da hantsi garkunan suka iso kusan tare. Idrisa yana bakin gwafarsa yana karɓar wasaki, Hamza yana tasa, taku goma tsakaninsu, kowa ya mai da hankali kan igiyarsa fiye da yadda igiya ke buƙata. Shanun kuwa ba ruwansu da wannan. Suka shinshini juna, suka cakuɗe, makiyaya na ta fama raba su. A cikin garken Idrisa akwai wata jar karsana, jikar saniyar nan, kamarsu ɗaya har farin goshin. Ta bar komin gidansu cike da ruwa, ta ratsa ta tsakiyar shanu, ta je ta tsoma baki a komin Hamza. Makiyayin Hamza ya ɗaga sanda zai kore ta.

"Bar ta," in ji Idrisa, bai saki igiyar ba. "Nan ne wurinta. In kun tashi ku tafi da ita."

Hamza bai juyo ba. Ya sunkuya yana leƙen cikin rijiyar, ya daɗe a haka, alhali wasakinsa tuni ya iso baki yana zuba a ƙafarsa.